Me Ake So Ɗalibin Kimiyya Ya Iya da Kwamfuta? Tarihin Gardamar da Ta Haura Shekara Sittin

A ƙarshen shekarun 1950, idan malami a Kwalejin Dartmouth da ke garin Hanover, a jihar New Hampshire ta Amurka, yana son kwamfuta ta yi masa lissafi, sai ya rubuta umarninsa a takarda, a huda shi a jikin katuna, a jera katunan cikin akwati. Daga nan wani matashin malamin ƙididdiga mai suna Thomas Kurtz zai ɗauki akwatin, ya hau jirgin ƙasa zuwa cibiyar MIT da ke daura da birnin Boston, inda aka girke wata na'ura ƙirar IBM 704 wadda jami'o'in yankin suke amfani da ita tare. Zai miƙa katunan ga masu kula da na'urar, ya jira, ya karɓo sakamako. Sau da yawa sakamakon bai wuce sanarwar cewa akwai kuskure a wani layi ba. Sai a koma gida a gyara, a jira tafiya ta gaba.

A wancan zamani babu jami'ar da take tsammanin ɗalibin digirin farko a fannin kimiyya ya san wani abu game da kwamfuta. Abin da ake so ya ƙware a kansa shi ne rular lissafi, wadda ake zamewa a karanta amsa a jikinta, da littafin jadawalin logaridam mai lamba huɗu, irin wanda tsofaffin ɗaliban da suka zauna jarrabawar WAEC ba za su manta da shi ba. Kwamfuta kuwa kayan manya ce, tana cikin ɗaki mai sanyi a bayan gilashi, kuma akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne su shiga tsakaninta da mai buƙata. Harshen FORTRAN, wanda John Backus da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka fitar a 1957, ya sauƙaƙa wa masana kimiyya rubuta lissafinsu, amma bai rage jira ba, bai kuma buɗe wa ɗalibi ƙofar ɗakin ba.

Tun daga lokacin zuwa yau, tambaya guda ce take ta dawowa cikin sabuwar riga: shin ɗalibin kimiyya zai koyi ba wa na'ura umarni ne, ko kuwa ya isa ya iya amfani da abin da wasu suka riga suka rubuta? An fara wannan gardama a fili a 1961, a jerin laccocin da MIT ta shirya don bikin cikarta shekara ɗari. Alan Perlis, wanda daga baya ya zama mutum na farko da aka ba lambar yabo ta Turing, ya kawo shawarar cewa kowane ɗalibin jami'a, ko me yake karanta, ya ɗauki darasin rubuta umarnin kwamfuta tun a shekararsa ta farko. Hujjarsa ita ce darasin yana koya wa mutum fayyace aiki mataki bayan mataki har ya zama babu shubuha a cikinsa, kuma wannan tarbiyya ce ta tunani wadda take da amfani ko mutum bai sake taɓa na'ura ba. Peter Elias na MIT ya ƙalubalance shi da cewa idan na'urori suka inganta, za su fahimci mutum ba tare da ya koyi harshensu ba, don haka buƙatar darasin za ta gushe da kanta. Mai karatu ya riƙe sunan Elias, domin hasashensa ya yi ta cika rabi da rabi a kowane zamani.

Gwajin Hanover

Wanda ya fara mayar da ra'ayi irin na Perlis aiki a sikeli mai girma shi ne John Kemeny, shugaban sashen lissafi na Dartmouth. An haife shi a Budapest ta ƙasar Hungari a 1926, iyalinsa Yahudawa ne da suka tsere zuwa Amurka a 1940. Yana ɗalibi a Princeton aka ɗauke shi aikin soja, aka tura shi Los Alamos, inda ya yi aiki a sashen lissafi na shirin ƙera bam ɗin nukiliya ƙarƙashin Richard Feynman, yana ciyar da injinan IBM katuna dare da rana. Bayan yaƙi ya zama mataimakin Albert Einstein a harkar lissafi, sannan ya koma Dartmouth a 1953 yana da shekara ashirin da bakwai. Ya ga da idonsa yadda lissafin da ya ci makonni zai iya sauya alƙiblar duniya, ya kuma yi imani cewa lauyoyi da 'yan majalisa da shugabannin kamfanonin gobe, waɗanda suke zaune a ajinsa, za su yanke hukunci a kan na'urar da ba su taɓa gani ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗaliban kwalejin ba kimiyya suke karantawa ba.

Shi da Kurtz sun ga cewa matsalar gida biyu ce. Ta farko ita ce jira. Mutum ba ya koyon abu idan sai bayan kwana ɗaya ko mako biyu zai san ya yi kuskure. Maganin wannan shi ne tsarin raba lokaci, wanda John McCarthy na MIT ya ba Kurtz shawarar su gwada: na'ura ɗaya ta riƙa zagaya mutane da yawa, tana ba kowa ɗan ƙanƙanin lokaci cikin sauri, har kowannensu ya ɗauka shi kaɗai take saurare. Ta biyu ita ce harshe. FORTRAN na wancan lokaci cike yake da ƙa'idojin da suka samo asali daga yadda na'urar take, waɗanda ba su da alaƙa da lissafin da ɗalibi yake son yi. Don haka suka ƙirƙiro BASIC, harshe mai kalmomin umarni da ba su kai ashirin ba a fitowarsa ta farko, irin su LET da PRINT da IF da FOR da GOTO, kowane layi da lambarsa, ta yadda gyara kuskure bai wuce sake buga layin ba.

Da tallafin Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka suka sayi na'urori biyu na kamfanin General Electric, wato GE-225 da Datanet-30. Abin mamaki shi ne waɗanda suka rubuta tsarin da ya sa na'urorin biyu suka yi magana da juna ɗaliban digirin farko ne, musamman Michael Busch da John McGeachie. Bisa labarin da kwalejin ta riƙe, da ƙarfe huɗu na asubar 1 ga Mayu, 1964, aka buga RUN a kan injinan Teletype biyu a lokaci guda, kowanne ya dawo da amsa daidai.

Ƙirƙirar harshen ita aka fi tunawa, amma shawarar da ta fi tasiri ga tarihin da ake bi a nan ta gudanarwa ce. Kemeny ya dage cewa a ɗauki kwamfuta kamar ɗakin karatu: ɗalibi ba ya cike takardar neman izini kafin ya ɗauki littafi, ba a kuma tambayarsa dalili, to haka ma na'ura. Ba a cajin kowa kuɗi, ba a hana mai son yin wasa ya yi. Sannan ba a buɗe wani sabon kwas mai suna kwamfuta ba. An cusa horon ne cikin darasin lissafi na shekarar farko: lacca biyu ta gabatarwa, sai matsaloli huɗu da ɗalibi zai warware da hannunsa a gaban na'ura, kuma akwai wata manhaja mai suna TEACH da take gwada aikinsa ta nuna masa inda ya kauce. Kafin ƙarshen shekarun 1960, kusan kashi 80 cikin 100 na ɗaliban Dartmouth sun taɓa rubuta umarnin kwamfuta. A 1967 wani kwamiti na masu ba shugaban Amurka shawara kan kimiyya, ƙarƙashin John Pierce, ya fitar da rahoto yana kira da a samar wa ɗaliban jami'o'in ƙasar irin wannan dama.

Ya kamata a faɗi iyakar wannan nasara. Dartmouth ƙaramar makaranta ce ta masu hali, kuma maza kaɗai take ɗauka har zuwa 1972. "Kowa" a bakin Kemeny ya fi "kowa" na zahiri ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Duk da haka gwajin ya tabbatar da abin da mutane da yawa suke musu a kansa, cewa ɗalibin da ba gwani ba zai iya koyon ba wa na'ura umarni cikin 'yan sa'o'i idan aka cire masa jira da tsoro.

A Jami'ar Waterloo ta Kanada an bi wata hanyar. Maimakon sabon harshe, wasu ɗalibai huɗu suka rubuta WATFOR a hutun 1965, wata manhaja mai fassara FORTRAN cikin sauri, mai kuma bayyana kuskure da maganar da ɗalibi zai gane. Jami'o'i da dama sun karɓe ta, ita da ƙanwarta WATFIV, kuma ta wannan hanya kwas guda na FORTRAN ya zama abin da aka saba gani a tsarin karatun ɗalibin fiziks da kemistiri da injiniya a shekarun 1970. A daidai wannan lokaci rular lissafi ta mutu. Kalkuletar HP-35 ta fito a 1972 a kan dala 395, kuma zuwa 1976 ana sayar da TI-30 a kan dala 25.

BASIC bai rasa maƙiya ba. Edsger Dijkstra, babban masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, ya rubuta a 1975 cewa ɗalibin da ya fara da BASIC ya lalace a tunani har ba a sa ran gyaruwarsa. Maganar ta yi tsauri, kuma tarihi bai goyi bayanta ba, amma tana nuna wata ɓaraka da ta daɗe: sassan kimiyyar kwamfuta, waɗanda suka fara tsayuwa da ƙafafunsu tun daga na Jami'ar Purdue a 1962, suna son horar da ƙwararru, alhali sashen fiziks yana son ɗalibinsa ya warware lissafinsa kawai ya wuce. Kwas ɗin da aka ɗora wa sashen kwamfuta ya koyar wa ɗaliban wasu sassa ya zama maraya, mai shi ba ya ɗaukarsa da muhimmanci, masu karɓarsa ba su ga alaƙarsa da karatunsu ba.

Lokacin da "iya kwamfuta" ya sauya ma'ana

A 1981 masanin Tarayyar Sobiyet Andrei Ershov ya gabatar da jawabi a birnin Lozan na Suwizalan inda ya kira rubuta umarnin kwamfuta karatu da rubutu na biyu. A 1985 ƙasarsa ta wajabta darasin a manyan azuzuwan sakandare, alhali mafi yawan makarantun ba su da na'ura ko ɗaya, sai aka riƙa koyar da shi da alli da allo. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi digirin kimiyya a jami'o'in Nijeriya a shekarun 1990 da farkon 2000 za su gane wannan hoto: ɗaruruwan ɗalibai a babban ɗakin lacca, suna kwafar layukan BASIC ko FORTRAN daga allo, su haddace, su zuba a takardar jarrabawa, ba tare da na'ura ta taɓa gaya musu ko abin da suka rubuta yana aiki ba. Wannan shi ne kishiyar darasin Hanover, domin an riƙe harshen an jefar da amsar nan take, wadda ita ce ruhin al'amarin.

Amma a lokacin da Ershov yake jawabinsa, ƙasa ta riga ta fara zamewa a ƙarƙashin ra'ayin. VisiCalc, manhajar jadawalin lissafi ta farko a ƙananan kwamfutoci, ta fito a 1979. Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983, Excel a 1985. A ƙarshen shekarun 1970 Cleve Moler na Jami'ar New Mexico ya rubuta MATLAB musamman don ɗalibansa su yi lissafin matiris ba sai sun koyi FORTRAN ba. Hasashen Elias ya fara cika. Mutum zai iya zana jadawali, ya fitar da matsakaici, ya ja layin da ya fi dacewa da ɗigogin gwajinsa, bai rubuta layin umarni ko ɗaya ba. Jami'o'i irin su Drexel suka fara wajabta wa sababbin ɗalibai mallakar kwamfuta tun a farkon shekarun 1980, Dartmouth kanta ta bi sahu a 1991.

Da haka ma'anar iya kwamfuta ta koma iya sarrafa kayan ofis. Babu abin da ya fi nuna wannan kamar takardar shaidar da aka fara a ƙasar Finlan a tsakiyar shekarun 1990, ta bazu a Turai da sunan ECDL, a sauran duniya kuma ICDL, wato lasisin tuƙin kwamfuta. Sunan kansa ya faɗi falsafar: direba ba ya buƙatar sanin abin da ke cikin inji. A wancan lokaci jarrabawar tana da sassa bakwai, daga sanin asalin na'ura da kula da fayiloli zuwa buga rubutu, jadawalin lissafi, rumbun bayanai, shirya allon gabatarwa da amfani da intanet. Rubuta umarni ba ya cikinsu. Ga sakatare ko akawu wannan ma'auni ne mai kyau. Matsalar ita ce jami'o'i da yawa sun ɗauke shi a matsayin ma'aunin ɗalibin kimiyya ma.

Abin lura ne cewa a Hausa kalma ɗaya ce, manhaja, take ɗauke da ma'anar tsarin karatu da kuma ma'anar abin da ake ɗora wa kwamfuta ta yi aiki da shi. A shekarun 1990 sai da ma'anonin biyu suka kusa zama ɗaya a zahiri, domin tsarin karatun ya koma jerin sunayen kayayyakin kamfani guda.

Masana sun ga haɗarin. A 1999 Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoton wani kwamiti ƙarƙashin Lawrence Snyder, wanda ya ce ƙwarewar danna maɓalli tana tsufa da tsufan manhajar da aka koya, don haka dole a haɗa ta da fahimtar ka'idojin da ba sa sauyawa da kuma iya warware matsala idan abu ya ƙi aiki. A 2006 Jeannette Wing ta farfaɗo da hujjar Perlis da sabon suna, tunani irin na lissafin kwamfuta. Sai dai muryar da ta fi shiga kunnen masu gudanar da jami'o'i ita ce ta Marc Prensky, wanda a 2001 ya yaɗa ra'ayin cewa yaran zamani 'yan asalin duniyar dijital ne, da harshenta suka tashi. Ra'ayin ya yi wa masu kasafin kuɗi daɗi, domin idan ɗalibi ya zo da iliminsa daga gida, babu dalilin ware masa malami da sa'o'i. Aka daina koyarwa, aka ci gaba da tsammani.

Abin da giɓin ya jawo

A 2001 Geoffrey Chang, matashin masani a Cibiyar Bincike ta Scripps da ke Kalifoniya, ya wallafa siffar wani furotin mai suna MsbA a mujallar Science. Furotin ɗin yana cikin dangin waɗanda suke fitar da abubuwa daga cikin ƙwayar halitta, dangin da ke da hannu a yadda ƙwayoyin cuta suke bijire wa magani, don haka aikin ya ja hankali sosai. A 2006 wasu masana a Zurik suka fitar da siffar wani furotin ɗan uwansa, sai aka ga ba su yi kama ba ko kaɗan. Da Chang ya koma ya bincika, sai ya tarar wata ƙaramar manhaja ta cikin gida da ɗakin bincikensa yake amfani da ita ta musanya ginshiƙai biyu na bayanai, abin da ya juya siffar. Ya janye maƙaloli biyar, uku daga cikinsu a Science. Ba a zarge shi da maguɗi ba. Mutum ne da aka horar shekara da shekaru kan tsabtar gwaji, amma manhajar da duk sakamakon ya ratsa ta cikinta ba ta samu irin binciken da ake yi wa ma'aunin ɗakin gwaji ba.

Labarin Excel da sunayen ƙwayoyin gado ya fi wannan ban dariya, ya kuma fi shi yaɗuwa. Masana suna taƙaita sunayen ƙwayoyin gado da haruffa da lambobi, kamar SEPT2 da MARCH1. Idan aka buɗe jerin irin waɗannan sunaye a Excel ba tare da an gaya mata cewa rubutu ne ba, sai ta ɗauka kwanan wata ake nufi, ta mayar da na farko 2 ga Satumba, na biyu 1 ga Maris, ba ta tambayi kowa ba. An yi gargaɗi a kan haka a rubuce tun 2004. A 2016 Mark Ziemann da abokan aikinsa a Melbon ta Ostareliya suka duba maƙaloli 3,597 da aka wallafa a mujallu 18 tsakanin 2005 da 2015, waɗanda suke ɗauke da jerin ƙwayoyin gado a fayilolin Excel, suka samu kuskuren a 704, wato kusan ɗaya cikin biyar. Da suka sake dubawa a 2021 da ma'auni mai faɗi, adadin ya kai kusan kashi 30 cikin 100. Maganin bai wuce sanin yadda ake shigo da bayanai a ayyana nau'in kowane ginshiƙi ba, abin da za a koya wa ɗalibin shekarar farko cikin minti goma. A ƙarshe kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ne ya sallama: zuwa 2020 ya sauya sunaye 27, MARCH1 ya koma MARCHF1, SEPT1 ya koma SEPTIN1. Ya fi sauƙi a sauya wa halitta suna da a sauya abin da ake koya wa masu nazarinta.

A watan Oktoba na 2020 kuma hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta sanar cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar korona sun zube daga ƙidaya, saboda an yi amfani da tsohon nau'in fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Kwanaki suka wuce ba a nemi waɗanda suka yi cuɗanya da su ba.

Ƙoƙarin cike giɓin ya fara ne daga wajen tsarin karatu. A 1998 Greg Wilson da Brent Gorda suka koyar da wani gajeren kwas ga masana a Los Alamos, wurin da Kemeny ya fara sanin injin lissafi, suka kira shi Software Carpentry, wato kafintancin manhaja. Sunan yana nufin ba injiniya ake son fitarwa ba, mutum ake so wanda zai iya haɗa teburin da ba zai karye ba. Daga baya ya zama bita ta kwana biyu da masu sa kai suke gudanarwa a ƙasashe da yawa, inda ake koyar da ba da umarni a rubuce, adana tarihin sauye-sauyen aiki, da ɗan abin da ya sawwaƙa na Python ko R. Shi R ɗin ma don koyarwa aka fara shi, a hannun Ross Ihaka da Robert Gentleman na Jami'ar Okland ta Niyu Zilan a farkon shekarun 1990. Yawancin masu halartar bitar ɗaliban digiri na biyu da na uku ne, wanda ke nuna matakin da aka tsallake.

Sannan wata sabuwar ɓaraka ta ɓullo ta inda ba a zata ba. A 2021 mujallar The Verge ta ruwaito labarin Catherine Garland, masaniyar fiziks ɗin taurari, wadda a 2017 ta lura ɗalibanta na injiniya sun kasa kammala aiki saboda manhajar ba ta ga fayilolinsu ba. Da ta tambaye su inda suka adana, sai ta gane ba su fahimci tambayar ba. Sun tashi da waya da akwatin bincike, inda ake buga suna abu ya fito, ba su taɓa buƙatar sanin cewa fayil yana zaune a cikin folda, folda a cikin wata folda ba. Malamai da dama sun ba da irin wannan shaida. Ko a MIT sai da wasu ɗaliban digiri na uku suka buɗe wani kwas na sa kai a 2020, suka kira shi zangon karatun da ya ɓace, don koyar da abubuwan da kowane malami yake ɗauka wani ya riga ya koyar.

A Nijeriya wannan tsammani yana da nasa salo. Tun 2015 hukumar JAMB take gudanar da jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta, don haka duk wanda ya shiga jami'a ta wannan ƙofa ya taɓa zama gaban na'ura ya zaɓi amsa. Tsarin karatun da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta shimfiɗa ya tanadi kwas ɗin gabatarwa kan kwamfuta ga ɗaliban kimiyya. Amma tsakanin danna A ko B da tsabtace bayanan binciken shekarar ƙarshe akwai tafiya mai nisa, kuma shagunan da ke bakin ƙofar jami'o'i, inda ake karɓar kuɗi a shigar wa ɗalibi bayanansa cikin SPSS a miƙo masa babi na huɗu, sun san tsawonta fiye da kowa. Ɗalibin da ya karɓi irin wannan sakamako yana matsayin malamin Dartmouth na 1958 ne: ya miƙa akwati, ya jira, ya karɓi abin da ba shi da hanyar tantancewa.

Fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022 ta kai hasashen Elias inda bai taɓa kaiwa ba, domin yanzu ana iya bayyana buƙata da maganar yau da kullum na'ura ta rubuta umarnin. Abin da bai sauya ba shi ne umarnin da ta rubuta yana iya musanya ginshiƙai biyu kamar na ɗakin binciken Chang, ya kuma fitar da zane mai kyan gani.

Amsar da ta fi kama da ta Kemeny a wannan zamani ta fito ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wadda a 2015 ta buɗe kwas mai suna Data 8. Ana ɗaukarsa tun a shekarar farko, ba a sharɗanta sanin kwamfuta ko ƙididdiga kafin shiga ba, kuma ana koyar da Python ne a kan bayanai na gaske, ba a matsayin darasi mai zaman kansa ba. Ɗalibai fiye da dubu suke ɗaukarsa a zango guda. Ba a buƙatar kowa ya ɗora wani abu a kwamfutarsa: ɗalibi yana buɗe shafi ne kawai, ya rubuta layi, amsa ta dawo nan take, manhajar gwaji ta nuna masa ko ya dace, lissafin kuma yana gudana a wasu manyan na'urori da ke nesa waɗanda ɗaruruwan ɗalibai suke rabawa a lokaci guda. Tsarin raba lokaci na Dartmouth, wanda aka kashe a ƙarshen 1999, haka yake aiki. Kemeny ya rasu a 1992. Kurtz, mai ɗaukar akwatin katuna, ya rayu har zuwa Nuwamba 2024, yana da shekara 96.